A dawo mana da daren talabijin na da, har da labaransa

Ra'ayina shi ne ya kamata gidajen talabijin na Arewa su ware dare guda, ko da sau ɗaya ne a wata, su sake nuna shirye-shiryen shekarun 1980 yadda aka jera su a wancan zamani, tun daga buɗe tasha har zuwa rufe ta, ba tare da an tsince wasan kwaikwayo an watsar da labarai da wasannin motsa jiki ba. Na san gutsattsarin Samanja da Karkuzu suna yawo a YouTube da Facebook, kuma ana jin daɗinsu, amma wanda ya kalli ɗan gutsure a waya bai ga abin da aka gani a da ba.

Talabijin ta iso Arewa a 1962, lokacin da aka buɗe tashar Kaduna, shekara uku bayan ta Ibadan. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1979 jihohi suka sake samun damar kafa nasu, kamar CTV ta Kano da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira ARTV. Tashoshi masu zaman kansu kuwa ba a ba su izini ba sai a 1992. Ke nan a yawancin garuruwa tasha ɗaya ce ko biyu, ana buɗewa wajen la'asar da taken ƙasa, a rufe da shi wajen tsakar dare. Babu zaɓi, saboda haka abin da tasha ta tsara shi kowa zai kalla, babba da yaro.

Wanda ya yi zamanin zai tuna akwatin nan mai ƙofar katako da ake zugewa, da yaran unguwa a jere kan tabarma a tsakar gidan da ke da talabijin, da yaron da ake turawa ya juya eriyar da ke kan dogon ƙarfe ana ce masa daga ciki, "Ya yi, tsaya haka!" Idan aka ɗauke wuta, mai hali ya jona batirin mota, marar hali ya jira labari da safe.

Wasan kwaikwayo shi ne abin da ya fi tara jama'a, kuma ya cancanta. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne na gaske, shi ya sa Hausar bariki da ya cakuɗa da Turancin buroka a Samanja Mazan Fama ba ta kasance kwaikwayo kawai ba, abin da ya ji ne da kunnensa. Kuliya Manta Sabo ta koya wa mutane da yawa yadda ake shigar da ƙara da yadda alƙali ke tambayar shaida, a cikin raha. Karkuzu na Bodara daga Jos, wanda taurin kansa ke jefa shi cikin rigima kullum, kowace unguwa tana da irinsa. Akwai kuma Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a yankin Jos domin jan hankalin jama'a ga noma, inda marigayi Kasimu Yero ya yi suna a duk faɗin ƙasar.

To amma dalilin da ya sa na dage a kan labarai shi ne wannan. Da ƙarfe 9 na dare duk tashoshin NTA kan haɗe da Legas domin labaran ƙasa, kuma babu amfanin ɓoye cewa muryar gwamnati ce: da shugaban ƙasa ake farawa, a bi da gwamnoni, talaka kuwa sai an yi gobara ko ambaliya ake ganin fuskarsa. Duk da haka, sai ka ga labaran nan kafin ka gane nauyin barkwancin da aka yi a daren. Matashin da ya ga mai labarai yana karanta umarnin gwamnatin soja, ya ga tallan yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da mutane a layi ƙarƙashin idon soja, sannan ya tuna cewa a wannan akwatin ne aka yi wa saje manjo, wato Samanja, dariya har da hawaye, zai fahimci cewa Samanja ya fi ƙarfin abin nishaɗi. Haka ma wasannin kwaikwayon da suka yi ta kuka da tsadar rayuwa, ba za a gane su sosai ba sai an ji yadda aka riƙa tallata tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 a labarai. Miya ce da tuwonta, in an raba su an rage wa kowanne armashi.

Wasannin motsa jiki ba sa buƙatar dogon bayani. A nuna wasan ƙarshe na kofin Afirka na 22 ga Maris, 1980 a Legas, inda Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofi. Ko kuma wasan Dammam ta Saudiyya na 1989 a gasar kofin duniya ta matasa, da matasanmu suka farke ƙwallo 4 da Tarayyar Sobiyat ta zura musu, suka yi nasara a bugun fenariti. A haɗa da dambe da kokawa da tashoshin jihohi suka ɗauka, domin su ne suka fi wuyar samu a yau.

Wani zai ce wannan begen jiya ne kawai, kuma hoton ya dusashe, sautin yana shashshaƙa. Gaskiya ne hoton ba zai yi gogayya da na yau ba, sai dai dusashewar ita ce ma dalilin gaggawa. An ɗauki shirye-shiryen nan a kan kaset irin su U-matic da Betacam, waɗanda zafi da ƙura da danshi ke cinyewa, injinan kunna su kuma sun yi ƙaranci. Ga shi a da, a ƙasashe da yawa, saboda tsadar kaset akan goge tsohon shiri a ɗora sabo, kuma labarai ne suka fi shan wannan gogewa, tunda ana ganin amfaninsu ya ƙare a ranar da aka karanta su. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Pategi a 2023, kuma masu ɗaukar hoto da daraktocin da za su iya cewa wannan kaset na wace shekara ce su ma suna ta raguwa.

Idan tasha ta ɗaura wa kanta alƙawarin dare guda a wata, dole ta buɗe ɗakin ajiya, ta lissafa abin da ya rage, ta mayar da shi cikin kwamfuta. Masu talla ba za su yi wuyar samu ba, domin yaran da suka zauna a tabarmar nan su ne magidanta da 'yan kasuwar yau. Sharaɗina ɗaya shi ne a ware wa 'yan wasan da ke raye, da iyalan waɗanda suka rasu, wani kaso daga kuɗin tallan, a kuma rubuta hakan a yarjejeniya tun kafin a nuna shiri na farko.