Wai karatun 'ya mace Turawa suka kawo shi?

Tun jiya nake danne zuciyata kan bidiyon nan da ke yawo, na kasa. Mutum ya zauna gaban kyamara ya ce wai karatun 'ya mace ɗabi'ar Turawa ce, kakanninmu ba su san shi ba, ga jama'a a ƙasa suna ta yi masa Allah ya ƙara basira. Ni abin da ya fi ƙona min rai, har wani ƙanen babana ya turo shi zauren danginmu na WhatsApp, a daidai lokacin da ake ja-in-ja kan ko 'yarsa za ta ƙarasa sakandare. Baffa, da girmanka da komai, maganar nan ba gaskiya ba ce.

Kakannin wa ake nufi? An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793, ta rasu a 1864. Turawa ba su ci Sakkwato ba sai 1903, kusan shekara arba'in tana kwance a makwancinta. To wane Bature ne ya koya mata rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa? A gidan mahaifinta ta yi karatu, cikin mata malamai. Shehu da kansa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci a cikin gida. Mijinta kuma Waziri Giɗaɗo ne, ba ƙaramin mutum ba a daula, bai taɓa karɓe mata alƙalami ba.

Kuma ba ta riƙe ilimin ita kaɗai ba. Ta zaɓo dattijai mata masu hankali daga ƙauyuka, ana kiran kowace jaji, ta ɗora musu malfa da jan rawani. Su ke jagorantar ayarin mata a ƙafa har wurinta, 'yan mata da tsofaffi, da ɗan hatsinsu da zumarsu na sadaka, su ɗauki karatu su koma su koyar da waɗanda aure da goyo suka hana fita. 'Yan Taru ke nan. Karatun ma a waƙe ta shirya shi, don mace ta riƙa rerawa tana niƙa ko tana kaɗi, hukuncin tsarki da salla na shiga kanta. Malfar nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, uwar 'yan bori. Asma'u ta ɗauko ta ta ɗora a kan malamai mata. Duk lokacin da na tuna wannan dabara sai tsigar jikina ta tashi, wallahi.

Na san abin da za ku rubuto min: ai ita ilimin addini ta yi, ba boko ba. Na ji. Amma yarinyar da ake cirewa daga aji uku, Islamiyyar ake barinta ta ƙarasa? Ko izu goma ba ta kaiwa. Kuma ranar da matarka ke naƙuda, kai ne na farko a bakin ɗakin haihuwa kana tambaya ko akwai likita mace. Daga ina za ta fito? Asma'u ta rubuta tarihin yaƙin Gawakuke, ta yi marsiyyar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, malamai maza suna rubuto mata wasiƙa. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Wannan duk a Sakkwato aka yi shi, ba a Ingila ba. In kana son hana 'yarka karatu, faɗi dalilinka na gaskiya, ko kuɗin makaranta ne ko tsoron bakin mutane, mu zauna mu nemi mafita tare. Amma ka daina jingina abin ga kakanni.

Kakata ta wajen uwa ma da gafakarta ta rasu. Ina yarinya nakan ga ta ciro wasu takardu jajaye na ajami bayan sallar asuba, ta riƙe su nesa da ido tana rerawa a hankali. Da muka buɗe gafakar bara, gara ta cinye fiye da rabi, saura warƙa goma sha ɗaya, kuma duk gidanmu babu mai iya karanta irin wannan rubutun hannu. Don Allah in akwai wanda ya ƙware a tsohon ajami a nan Gusau, ya yi min magana, ina so in san abin da take rerawa.