Ba A Taɓa Cin Kawu Ba

Teburin Mai Shayi, bayan Isha'i, a ƙauyenmu da ke bayan Ringim. Ɗan Boko ya zo hutu, yana tsaye ya ɗaga waya sama kamar mai duban watan Sallah. Sai ga Kawu da buhun bakko a hammata.

KAWU: Kai ɗan nan, me kake nema a sama? Wata ai ya kwana 12.

ƊAN BOKO: Sabis nake nema, Kawu. Ina buga eFootball da wani mutumin Indonesiya, na ci shi ɗaya, sai 'yan wasana suka tsaya cak.

KAWU: Ba ka biya su albashi ba ne?

ƊAN BOKO: Netwok ne ya gudu.

KAWU: To ka ji. Ni tun 2006 nake da ɗan wasana Adriyano a gem, bai taɓa tsayawa jiran netwok ba. Mai Shayi, haɗa min kauri, kuma ka matsar da burodin nan in ajiye dukiya.

(Dukiyar ita ce PlayStation 2 baƙa, an ɗaure murfinta da roba, an naɗe ta a tsohon zanin Gwaggo. Da ita ya dawo daga cirani a Kano. Sauran abin da ya samo a ciranin har yau ba mu gani ba.)

ƊAN BOKO: Kawu, wannan ai a gidan tarihi ya kamata a ajiye ta. Tun 2000 aka fito da ita. Yanzu ana maganar PlayStation 5, ita ma tun 2020. Ka ga gem ɗin yanzu kuwa? Har gumin goshin ɗan wasa ana gani. Ciyawa ɗaya-ɗaya.

KAWU: Gumi ake ci ko ciyawa? Ciyawa ka tambayi Ɗan Fulani.

ƊAN FULANI: Aradu in da ciyawa a wayar nan a nuna min, shanuna sun rame.

KAWU: Mu lokacin da muka fara, a Sega, ɗan wasa ko hanci ba shi da shi. Kai ne da ƙafa biyu. Amma in ya ɗaɗa ƙwallo, a haƙarƙarinka za ka ji. A FIFA ta farko, ta 1993, in rafali ya ɗauko kati sai ka zura da gudu, yana bin ka kana zagaye fili. Ka tsaya gaban gola, ya buga ta doki ƙirjinka, ka zura a raga. Wannan shi ne ilimi.

ƊAN BOKO: Wannan kuskuren masu haɗa gem ɗin ne.

KAWU: Kuskuren da ya ciyar da ni shekara biyu a gidan gem? Wanda aka ci shi ke biya, yaro. Ni ban taɓa biya ba. Ba a taɓa ci na ba.

MAI SHAYI: Shayi ma ba ka taɓa biya ba, Kawu.

KAWU: Ana maganar manya. Sai aka zo Winning Eleven a PlayStation ta farko. Kana jin mutumin Japan yana ihu "Shuuto!", ba ka jin yarensa amma ka san an gama da kai. Ka ɗauki Najeriya, ka ba Tijjani Babangida ƙwallo a gefe, ka danne R1, ka rufe ido. Ɗan Kaduna ne fa, yana Ajax, amma a gem ɗin nan iska ma sallama take masa. In Brazil ka ɗauka, ka cire Roberto Carlos daga baya ka kai shi lamba tara. Shi ke nan, a kawo wani.

ƊAN BOKO: Roberto Larcos dai. Ai ba su sayi izinin sunaye ba. Manchester United ma Man Red suke rubutawa, Liverpool kuma Merseyside Red. Gem ɗin jabun suna.

KAWU: To sai me? Mu muka raɗa musu suna da hannunmu. Harafi ɗaya-ɗaya, dare uku ban yi barci ba, na gyara Ingila kaf na adana a mimori. Ga ta nan.

(Ya zaro ta daga aljihun gaba, a ƙunshe cikin leda kamar laya. Megabait 8 ce. Hoto ɗaya na wayar Ɗan Boko ya kusa cinye rabinta.)

KAWU: Ranar da na mutu, gona a raba. Wannan kuwa a sa min ido a kanta.

LIMAN: Kawu, gado ba ya ware mimori.

KAWU: Allah gafarta Malam, to na yi wasiyya da ita, ai ba ta kai sulusi ba. Kai kuma Ɗan Boko, naka gem ɗin wane suna gare shi yau? Don kullum sai an sake.

ƊAN BOKO: Pro Evolution Soccer, wato PES, ce ta koma eFootball a 2021. FIFA kuma ta koma EA Sports FC a 2023, bayan kamfanin EA da hukumar FIFA sun raba gari. Shekara 30 suna tare.

MAI SHAYI: Saki nawa?

ƊAN BOKO: Kan kuɗin suna suka saɓa.

MAI SHAYI: Uku ke nan.

KAWU: Mutumin kirki ba ya sauya suna. Sai wanda ake bi bashi.

ƊAN BOKO: Ai naka ma suna biyu gare shi, Kawu. A Japan Winning Eleven, a Turai Pro Evolution Soccer. Duk Konami ce.

KAWU: Wannan suna ne da laƙabi. Kuma da aka sake sunan me aka gani? Ba kai ka nuna mana hoton Messi a eFootball ɗin farko ba, ido a zazzare kamar wanda ya haɗiyi tafasasshen kunu? Har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

ƊAN BOKO: An gyara tun tuni. Ana afdet.

KAWU: Nawa an gama shi kafin a sayar. Naku kullum ana gyara, kamar titin garin nan.

(A nan kowa ya yi shiru, saboda titin garin nan an ƙaddamar da shi sau uku, kuma har yau a kafaɗa muke tsallakar da babur in damina ta yi nisa.)

ƊAN FULANI: Ni fa tambaya gare ni. Yaron nan ya ce ya sayi ɗan wasa. Da kuɗi na gaske?

ƊAN BOKO: Kuɗi ake sawa a sayi koyin, sai a buɗe kati. In ka yi sa'a Mbappe ya fito. A FC ma haka Ultimate Team yake, tun FIFA 09.

ƊAN FULANI: In ba ka yi sa'a ba fa?

ƊAN BOKO: Sai wani mai tsaron baya da ba ka taɓa jin sunansa ba.

ƊAN FULANI: Kuɗin fa?

ƊAN BOKO: Sun tafi.

ƊAN FULANI: Wato ka je Maigatari ranar Alhamis, a ce ga buhu, biya kuɗin bijimi, in ka je gida ka kwance, ko bijimi ko zakara?

ƊAN BOKO: Ba haka ba ne daidai...

ƊAN FULANI: In bijimin ne ya fito, kana iya kora shi Wudil ranar Juma'a ka sayar, ka sa kuɗi a aljihu?

ƊAN BOKO: A'a. A FC ma in sabuwar shekara ta fito, sabon garke za ka fara tarawa.

ƊAN FULANI: Aradu ko ɓarayin shanu suna bar wa mutum igiya.

LIMAN: Wannan cinikin biri a sama ne. Sunansa caca, ko da an sa masa riga mai lamba.

ƊAN BOKO: Allah gafarta Malam, a Beljiyam ma haka hukuma ta ce a 2018, har EA ta daina sayar da koyin ɗinta a can.

LIMAN: Ka ga, ka san hukuncin, har da ƙasar da shekarar, kuma kuɗin makarantarka na ciki.

KAWU: Mu a Master League kiwo muke yi. A ba ka tarkacen 'yan wasa, Castolo a gaba, Minanda a tsakiya, Ivarov a raga yana kama iska. Ka sha wuya da su a rukuni na biyu, kana tara maki kamar mai adashe, sai ka sayi mutum ɗaya na kirki. Ni Castolo ban taɓa sayar da shi ba. Amana ce. Ragon layyata na bara ma sunansa na sa masa.

MAI SHAYI: Shi ya sa ya yi tauri.

KAWU: Kawo inji! Yau gani zai kori ji. Auta, ungo, sayo fetur rabin lita.

(Rabin lita. Ku riƙe wannan. Tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda ke sayen lita guda don wasa, amma Kawu mutum ne mai lissafi ta wata fuskar.)

Aka jona talabijin ɗin Mai Shayi mai ƙusumbi. Gem ta yi ƙugi, ta nuna jan allo. Kawu ya zare faifan PES 6, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga. Jan allo. Ya aika gida aka kawo makilin, ya shafe bayan faifan, ya wanke da ruwan butar Liman. Jan allo. Ya kifa gem ɗin a kan cikinta, ya ɗora mata gwangwanin madara, ya yi bisimilla.

ƊAN BOKO: Wannan ce ba ta jiran netwok?

KAWU: Gaisawa take so. Tsohuwar zuma ce, ba a buɗe ta da garaje. Kai naka ya tashi?

ƊAN BOKO: Ya ce sai na yi afdet. Bari in hau darbejiya, a reshe na uku ake samun sanda biyu.

Sai ga kiɗan Konami ya tashi. Kawu ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya mayar.

KAWU: Wa zai zo? Ɗan Boko ya gudu sama. Malam?

LIMAN: Ni shaida ne.

KAWU: To Auta, ajiye wankin kofi. Zo in koya maka tarbiyya. Ekis fasin, akwati shot, sifili kuros, dalar gyaɗa ka zura wa mai gudu. Kada ka yi kuka.

(Auta shekararsa 10. Bai taɓa riƙe hannun PlayStation ba, a wayar yayansa yake buga Dream League in an tura shi kai caji.)

Kawu ya ɗauki Inter Milan, ya zaɓar wa Auta wata ƙungiya da ko Ɗan Boko ba zai iya karanta sunanta ba.

KAWU: Kun ga wannan? Adriyano. Ƙarfin shot 99. Saura ɗaya ya cika ɗari, ita ma don kada a yi shirka aka rage. Ƙafar hagu. Daga tsakiyar fili yake aika gola asibiti.

MURYA DAGA DARBEJIYA: Ya daina ƙwallo tun tuni, Kawu! Ya yi teɓa!

KAWU: A wayarka ya yi teɓa! A faifaina yana nan da shekara 24!

Minti na 6 Kawu ya danne akwati har ƙasa. Ƙwallo ta tashi sama, da a fili ne da sai an ɗauko ta a Taura. Auta ya karɓa, fasin uku, raga.

KAWU: Na ba shi ne. Yaro a fara faranta masa.

Minti na 20, biyu.

KAWU: Wannan hannun ekis ɗinsa ya mutu. Musanya.

Aka musanya. Minti na 31, da hannun da ekis ɗinsa ya mutu, uku.

KAWU: Dawo min da nawa, na gane, wancan R1 ne babu. Mai Shayi, kashe fitilar nan tana dukan idona. Ɗan Fulani, daina numfashi a wuyana. Kuma gaskiya ba na sakewa in Malam na wurin, akwai kalmomin da Adriyano ya saba ji kafin ya yi gudu.

LIMAN: To ya ci gaba da tafiya a hankali.

AUTA: Kawu, wanne ne ma ake yanka da shi?

KAWU: Ba a tambaya a fili!

Auta ya gano da kansa. Ya yanke mutum biyu, ya yanke gola, ya tsaya a bakin raga ya waiwayo ya kalli Kawu, sannan ya tura. Huɗu. Kawu ya fara leƙen inji ta wutsiyar ido. Minti na 80 ya leƙa. Na 85 ya leƙa, har da gyaran murya, kamar mai tuna wa inji alkawari. Ana 88 inji ya yi tari biyu ya mutu. Duhu.

KAWU: Alhamdu... wato, innalillahi. Kash! Daidai lokacin da na gama karantar wasansa.

MAI SHAYI: Huɗu da nema, Kawu.

KAWU: Wa ya hura tashi? Malam, ka ji usur?

LIMAN: Ban ji usur ba, amma na ga huɗu.

KAWU: Shari'a da usur take aiki. Wasan da ba a tashi ba, ba a ci kowa ba. Tun 2006 haka dokar take.

Ɗan Boko ya sauko, ganye a ka, cinnaku a wuya.

ƊAN BOKO: Afdet ya kai 97, data ta ƙare. Kuma wasan da na fara da mutumin Indonesiya, da sabis ya yanke, sun rubuta ni aka ci. Ni da nake gaba da ɗaya! Yana cikin tarihina har abada.

KAWU: Ka ji bambancin! Naka a ɗauke wuta ya rubuta an ci ka, ya kai ƙararka Indonesiya. Nawa a ɗauke wuta ya rufa wa dattijo asiri. Gem mai kunya ke nan.

MAI SHAYI: To wa zai biya fetur da kauri biyu? Ka ce wanda aka ci.

KAWU: Ka ji da bakinsa, Ɗan Boko aka ci.

Ya naɗe dukiyarsa a zanin Gwaggo, ya mayar da mimori aljihu. Har ya kai bakin hanya ya dawo, ya ja Auta gefe, muna jin ƙarar sabuwar ɗari biyu.

KAWU: Auta, nawa aka tashi?

AUTA: Ba a tashi ba, Kawu.

KAWU: Kafin nan fa?

AUTA: Huɗu ne... in an ƙara ɗari sai su zama biyu.

ƊAN FULANI: Aradu tsohon ma ana sa masa koyin.