Kafin Jirgi Ya Iso Daura Da Katsina, A Ware Wa Mai Ƙafa Da Mai Keke Hanyarsu

Tun da aka ƙaddamar da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, Rigasa, inda tashar Kaduna take, ta canja kama. Farashin fili ya tashi, shaguna da gidajen haya suka jeru, unguwar da dama can cike take da jama'a ta ƙara tumbatsa. Ba sabon abu ba ne. Haka aka gani a Kano bayan layin dogo ya isa a 1911: inda tasha ta zauna, nan kasuwa da mutane ke bi. Abin da ke damuna shi ne yadda masu tsara gari suke manta cewa ba kowane mai zuwa tasha ne ke cikin mota ba.

Tafiyar kilomita 186 daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa ana yin ta a zaune cikin sanyi. Wahalar tana farawa ne bayan an fito ƙofa. Dubi matar da ta sauko da goyo a baya, jakar Ghana-mos-go a ka, ɗan shekara biyar riƙe da gefen hijabinta. Gidanta ba shi da nisa, amma gefen titin da ya kamata ta bi mai kasa tumatir ya shimfiɗa buhu a kai, gaba kaɗan an faka mota, can kuma lambatu ne a buɗe. Dole ta sauka kan kwalta, ta haɗa kafaɗa da Keke Napep da babura. In da daddare ne, fitilar wayarta ce jagora. Wanda kuma zai shiga cikin gari sai ya haɗu da baifas ɗin Nnamdi Azikiwe, inda tireloli da tankokin mai ke wucewa dare da rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Sweden a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cakuɗa da mutane. Bakin tashar jirgi kuwa, ai babu inda ya fi shi cakuɗa.

Na sha jin ana cewa masu hawa jirgi ai masu hali ne, direba ke kawo su. Ko da hakan gaskiya ce a yau, su waye ke share tashar, su ɗauki kaya, su sayar da abinci a bakinta? Da me ɗalibi zai zo? Kuma in aka kammala layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, fasinjan zai zama ɗan kasuwar Jibiya da manomin Kazaure, mutanen da keke ne abin hawansu tun kaka da kakanni. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. Abin da ya kori keke daga biranenmu tsoron mota ne da tsoron ɓarawo, sai kuma kallon talauci da ake yi wa mai shi.

Tushen matsalar, a ganina, rashin mai ita ne. Cikin shingen tasha na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, titin waje na jiha ne ko ƙaramar hukuma, kowa na jiran ɗan'uwansa. Amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka gwamnonin Kano da Jigawa da Katsina ba su da uzuri. Tun da safe ake kama fara. Yau kewayen wuraren da za a yi tashoshin Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya akwai sarari, shata faɗin hanya ba zai ci komai ba in aka kwatanta da kuɗin diyya da rusau da kukan jama'a nan da shekara goma.

Abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Dakalin tafiya mai faɗi a kowane gefe, a rufe lambatu, a raba layin keke da na mota da kankare, don fenti kaɗai direbanmu ba ya ganinsa. A dasa darbejiya saboda rana, a sa fitilun sola, a yi tudun rage gudu a mashigar mutane. A bakin tasha a yi rumfar ajiye keke mai maigadi da lambar karɓa, yadda ake yi wa babura a kasuwanninmu. Su kuma masu kasa kaya kada a kore su da bulala a ce an gyara. A ba su wuri tun a takardar tsari, domin in ba a ba su ba, dakalin za su hau.

A Rigasa gyara ne ya rage, kuma KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, da ƙaramar hukumar Igabi za su iya farawa da tsawon kilomita ɗaya daga ƙofar tasha. A layin Maraɗi kuwa, ina kira ga 'yan majalisun jihohin nan uku su nemi a nuna musu taswirar hanyoyin shiga kowace tasha kafin a fara yanka filayen da ke kewaye da ita.