Ana gardamar man gobe, gindin jirgi na shan man yau

Tun da aka watse daga taron IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa, a Landan cikin Oktoban 2025, aka ɗage amincewa da tsarin rage hayaƙin jiragen ruwa da shekara guda, masu sharhi ba su da zance sai na amoniya da metanol a matsayin sabon man jirgi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake magana kamar babu abin yi kafin sabon mai ya zo. Akwai, kuma yana nan manne a gindin kowane jirgi.

Jirgi ƙarfe ne a cikin ruwan gishiri, don haka sai an fara shafa masa fentin ifoksi da ke hana tsatsa, a haɗa da dunƙulen tutiya da ke lalacewa a madadin ƙarfen. Wannan kowa na yi, domin babu mai son jirginsa ya huje. Rigimar tana kan shafi na sama, wanda ke hana yauƙi da gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo kama jikin jirgin. Da zarar sun kama, ruwa ya daina zamewa, inji ya ƙara shan mai. Rahoton shirin GloFouling na IMO ya ƙiyasta cewa yauƙi mai kaurin rabin milimita da ya rufe rabin gindin jirgi zai iya ƙara hayaƙi da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Rabin milimita fa.

To me ya sa har yau fenti mai jan ƙarfe, wanda ke zubar da guba a ruwa sannu a hankali, ya fi yawa? Domin sau da yawa mai jirgi ne ke biyan kuɗin fenti, ɗan haya kuma shi ke biyan kuɗin mai. Wanda zai kashe kuɗin ba shi zai ci ribar ba. Fentin silikon mai santsi, wanda halittun ba sa iya riƙewa da ƙarfi har gudun jirgi ya wanke su, ya fi tsada, yana kuma son hannun gwani. Masu cewa yana saurin karcewa kuma bai dace da jirgin da ke daɗewa a tashar ruwa ba sun faɗi gaskiya, amma wannan ba hujja ba ce ga manyan jiragen kwantena da kullum ke kan hanya.

Ni ban yarda da alkawarin cewa kamfanoni za su gyara da kansu ba. Mun ga TBT, gubar da ake sa wa fentin gindin jirgi a da. Sai da ya durƙusar da kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa, ƙasar ta hana shi a ƙananan jirage a 1982, amma yarjejeniyar duniya ta 2001 da ta hana shi ba ta fara aiki ba sai 2008. An kwashe shekara 26 ana jan ƙafa. Sibutirin, wani sinadari mai guba da aka koma sa wa a fenti, shi ma an hana shi daga 2023.

Ƙa'idojin IMO na 2011 kan tsabtar gindin jirgi, waɗanda aka sabunta a 2023, shawara ce kawai. Niyu Zilan ba ta tsaya jira ba: tun 2018 jirgin da zai shiga ruwanta sai ya nuna gindinsa tsaf yake, kuma ta hana manyan jiragen yawon buɗe ido shiga wasu wuraren. A mayar da wannan doka ga kowa, a kuma rubuta a takardar haya cewa mai jirgin da gindinsa ya yi datti shi zai biya ƙarin man.