Tasar tagulla ba ta faɗin wanda ya kawo ta

Wani labari da na gani ya ce tasoshin tagulla da wuri da aka tono a tsofaffin kaburburan Durɓi Takusheyi, a jihar Katsina, sun nuna mutanen ƙasar Katsina na hulɗa da Masar tun wajen ƙarni na 14. Na yarda kayan daga nesa suka zo, amma a yi hattara da kalmar hulɗa. Wuri daga can tekun Indiya yake fitowa, wurare irin su tsibiran Maldib, kuma ba mai cewa wanda ya tsince shi ya taɓa ganin Katsina. Hannu da hannu kaya ke tafiya: wannan ya sayar a Alƙahira, wancan ya ɗora wa raƙumi, wani ya karɓa a Takadda, tsohon garin fatauci a ƙasar Nijar ta yau. Kwanukan samira da ke jeren kakata daga ƙetare aka ƙero su, ita kuwa ko Legas ba ta taɓa takawa ba. Ga mai cewa wannan aikin tono ɓata lokaci ne, ya sani awon sinadarin ƙarfe kan nuna yankin da aka haƙo shi, abin da tarihin baka bai riƙe ba. Abin da ke damuna shi ne, me aka bayar a musaya? Fata da tufa suna ruɓewa a ƙasa, to ta yaya masu tonon za su gano namu kason?