Wanda ya tona bai rubuta ba, ɓarna ya yi

Jama'a, duk ranar da aka sa hoton wata sarƙar zinare ko wani gunki da aka tono daga ƙasa, sai ka ga ana ta yaɗawa ana mamaki. Ba na ganin laifin kowa, abu mai kyau dole ya ja ido. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da binciken kufai da tsohon tarihi: mun ɗauka tonon shi ne aikin. Ni kuwa a ganina, duk wanda ya tona wuri bai rubuta abin da ya gani filla-filla ba, bai kuma fito da shi ga sauran masana ba, ɓarna ya yi, komai yawan digirinsa.

Dalili shi ne ƙasa ba ta tonuwa sau biyu. Garin da aka zauna a cikinsa shekaru dubbai hawa-hawa yake. Wasu su gina, ginin ya rushe ko ya ƙone, na baya su zo su baje wurin su gina a kai. Mai bincike daga sama yake sauka, kuma duk hawan da ya kwashe ya tafi ke nan. Abin da zai rage sai wanda ya auna, ya zana, ya rubuta, ya ɗauki hotonsa. Tukunya ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Sai ka san a wane hawa aka same ta, a kusurwar wane ɗaki, da toka a gefenta ko da ƙasusuwa. Guntun gawayin da lebura zai share da ƙafa, shi ne ake kaiwa ɗakin gwaji a gano shekarun wurin, ta hanyar auna sinadarin kabon da Willard Libby ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940. To in ba a san daga ina gawayin ya fito ba, shekarun wa aka auna?

Ku dubi abin da ya faru a tudun Hisarlik da ke Turkiyya. Heinrich Schliemann, wani attajiri Bajamushe, ya ƙudura sai ya gano birnin Troy na waƙoƙin Girkawa. A farkon shekarun 1870 ya sa lebura suka tsaga tudun da wani ƙaton rami, suna kwashe bango da daɓe suna zubarwa, don ya ɗauka birnin da yake nema yana can ƙasan ƙasa. A 1873 ya sami zinare, ya ce dukiyar Priam ce, sarkin Troy na cikin waƙoƙin, ya fitar da ita daga Daular Usmaniyya a ɓoye. Daga baya aka tabbatar hawan da zinaren ya fito ya girmi zamanin da ake danganta yaƙin Troy da shi da fiye da shekara 1,000. Wato a hanyarsa ta sauka, ya ratsa ta cikin ainihin zamanin da yake nema ya lalata wani sashe nasa. Zinaren yana nan a Mosko tun 1945, kowa na iya zuwa ya gani. Abin da aka zubar kuwa babu mai dawo da shi.

Haka aka yi wa kufan Zimbabwe. A 1902 aka ba Richard Hall kula da wurin, ya kwashe ƙasa mai yawa daga cikin gine-ginen dutsen, saboda ya riga ya yanke a ransa cewa baƙi ne suka gina, ba 'yan Afirka ba. Abin da mutanen wurin suka bari shara ce a idonsa. Sai da David Randall-MacIver a 1905, da Gertrude Caton-Thompson a 1929, suka bi abin da ya rage a tsanake, hawa bayan hawa, suka nuna cewa 'yan ƙasar ne suka yi ginin.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba ta da hayaniya, ita ce ta a tono a zauna a kai. Arthur Evans ya fara samun allunan yumɓu masu wani rubutu da ba a sani ba a Knossos, tsibirin Kirit na Girka, a 1900. Dubbai ne. Har ya mutu a 1941 kaɗan daga ciki ya wallafa. Wata malama a New York, Alice Kober, ta shiga aikin da ɗan abin da ya fito. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, takarda ta yi wuya, sai ta riƙa yanka tsofaffin takardu ƙanana-ƙanana tana rubuta kowace alama da inda ta faɗo, tana jera su a kwalayen taba, har kusan 180,000. Ita ta gano cewa ƙarshen kalmomin yana sauyawa bisa ƙa'idar nahawu. Ta rasu a 1950, ba ta ga ƙarshen aikin ba. A 1951 aka wallafa allunan masu irin wannan rubutu da Carl Blegen ya tono a Pylos ta Girka tun 1939, a 1952 kuma Michael Ventris ya karanta rubutun, ya zamana tsohon Girkanci ne. Wannan jerin shekarun yana ɓata mini rai duk sanda na tuna. Shekara 50 allunan suna hannu, masu basirar karantawa suna raye, amma ba a ba su sun gani ba.

Kuma me aka samu a ciki? Lissafin tumaki, da ulu, da man zaitun, da ƙafafun keken doki, da abincin da ake ba mata ma'aikata da 'ya'yansu. Wani zai ce ashe ba wani abu ba ne. Ni kuwa nan ne nake ganin darajar ilimin, domin ta haka ake sanin yadda fada take tara haraji da yadda talaka yake rayuwa.

A Oxyrhynchus ta Masar, Bernard Grenfell da Arthur Hunt ba kabarin sarki suka tona ba, juji suka tona, tun daga 1896. Suka kwaso guntayen takardun da mutanen garin suka zubar, kimanin rabin miliyan. A ciki akwai wasiƙar wani yaro, Theon, da ya rubuta wa babansa yana fushi don bai tafi da shi Iskandariya ba. Ya ce in ba a aiko an ɗauke shi ba, ba zai ƙara yi wa uban magana ba, ba zai ci ba, ba zai sha ba. Yaron da ya rayu kusan shekara 1,800 da suka wuce! Mun ji muryarsa ne don wani ya zauna ya warware takardar a hankali, ya karanta harafi bayan harafi, ya buga ta. An fara wallafa waɗannan takardu a 1898, har yau ana yi, kuma mafi yawansu suna cikin akwatuna a Oxford suna jiran masu karantawa. Irin wannan aikin zaman ba ya samun masu ɗaukar hoto, shi ya sa kuɗinsa yake wuyar samuwa.

Wani lokaci ma barin abu a yadda yake shi ne hankali. Naɗaɗɗun takardun garin Herculaneum na Italiya da aman dutsen Vesuvius ya mayar kamar gawayi a shekara ta 79 Miladiyya, an gano su a shekarun 1750, kuma masu ɗokin karantawa sun yanka wasu da wuƙa sun farfashe. Waɗanda aka ƙyale, su ne a 2023 aka fara karanta cikinsu da hoton na'ura da kwamfuta ba tare da an buɗe su ba.

Na san za a ce ba kullum ake da damar jira ba. Gaskiya ne. Idan za a yi hanya ko madatsar ruwa, ko ɓarayin kayan tarihi sun yi wa wuri ca, dole a yi sauri, kamar yadda UNESCO ta yi gayya a 1960 don ceto kufan Nubiya kafin ruwan madatsar Aswan ta Masar ya shanye su. Amma ko a nan, ra'ayina shi ne duk hukumar da ke ba da izinin tono, da duk jami'ar da ke ba da kuɗi, ta ware rabon rubutu da adanawa tun ranar farko, kuma kada ta ba mai bincike sabon wuri sai rahoton wanda ya tona a baya ya fito inda ɗalibi a kowace ƙasa zai iya karantawa.