Rana a kanmu, wuta ga wasu

Wallahi yau an kai ni bango. Kwana huɗu ke nan ba mu ga ƙyallin wuta ba a layinmu nan Mabera, sai jiya wajen ƙarfe biyun dare sunka kawo ta, yaran da zafi ya hana ma barci sunka ɗau ihu, ni ko na zabura daga tabarma ina laluben soket ɗin firiza cikin duhu, kafin in jona sun ɗauke. Ko minti goma ba ta yi ba. Haka niy yi tsaye riƙe da waya kamar wani gaula.

Ƙanƙara nika saidawa, da fiya wata da zoɓo da kunun aya da maiɗakina ka haɗawa. Sana'ar ke nan, da ita nika ciyar da mutum tara. Da safe na buɗe firiza na iske ledoji na iyo cikin ruwa mai ɗumi, kunun aya ya kumbura ya yi tsami, bokiti biyu munka zubar a kwata, aya da dabino da sukari duk sun bi ruwa. Inna na zaune gindin darbejiya tana fifita da murfin kwano, tac ce "kai dai yi haƙuri ɗan nan". Haƙurin ne Inna ya ƙare, shi ma ya narke tare da ƙanƙarar. Kuma ƙarshen wata ɗan takardar nan na zuwa, tunda ba mu da mita kuɗin ƙiyasi ne, su rubuta abin da sunka ga dama su maƙale maka a ƙofa, ka yi gardama a zo da tsani. Taransifoma ta ƙone mu ka yin karo-karo, waya ta tsinke mu ka saye.

Abin da yat tunzura ni na ɗauko waya ina wanga rubutu shi ne hirar da munka yi a majalisa. Wani ƙanena da ke karatun injiniya yake ba mu labarin wai akwai kamfanin da yat tsara shimfiɗa farantan sola a saharar Maroko, a ja waya ta ƙarƙashin teku kusan kilomita 4,000 har Ingila, don Turawa su kunna hita da ranar Afirka. Gwamnatin Ingila ta janye hannunta a 2025, amma tunanin fa? Tun 2009 anka yi irin wanga mafarki da sunan Desertec, a tatsi ranar Sahara a kai Turai. Wato ranar da ke gasa mana ƙeya, wadda a watan Afrilu ke wuce digiri 40 nan Sakkwato har kwalta ta yi laushi, wadda lokacinta ke zuwa mana da sanƙarau da ƙurajen zafi, ita ce wasu ke lissafi da kalkuleta yadda za su kwashe. Mu da ke zaune cikinta tsundum ko fanka ba ta juya mana ba.

Kuma ba sai an je Maroko ba. Ga Birnin Kebbi nan kusa, daga nan layin wuta ya miƙe har Yamai shekara da shekaru, Najeriya na saida wuta ga Nijar da Benin da Togo. An ma fara jan wani babba mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbin zuwa Yamai har Wagadugu. Kada wani ya juya mani magana, ni ba ni da haushin mutanen Nijar. Kawuna na Ƙonni, daga Illela taku kaɗan ne, aure da zumunta da kasuwa duk ɗaya muke. Na kuma san dalilin da aka faɗi tun asali, kogin Kwara ta ƙasarsu yake biyowa kafin ya iso Kainji, in sun tare shi daga sama dam ɗin da anka gama tun 1968 ya zan kwalbati. Ba ni gishiri in ba ka manda ne. To amma da anka yi juyin mulki can a Yulin 2023, Najeriya ta yanke masu wuta, wata da watanni Yamai na cikin duhu, ku gaya mani tsakaninku da Allah, wutar da anka hana masu ta zo Mabera? Ta zo Gidan Igwai ko Arkilla? Ni dai ban gan ta ba. Su sun sha duhu, mu mun sha duhu, ban san wa yac ci ribar ba. Su ko a shekarar sunka tada tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a bakin Yamai, ta rage masu zafi.

Mu fa? A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 za su gina manyan tashoshin sola, sama da megawat 1,000, akasari nan Arewa. Anka yi hoto, anka sha lemu, shiru kake ji malam ya ci shirwa. Bankin raya Afirka na ta maganar Desert to Power, megawat 10,000 a ƙasashen Sahel 11, mu ma muna cikin lissafi. A takarda kam ba wanda ya kai mu wuta. A ƙasa ko mutum sama da miliyan 200 ke rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar, mu da ke can wutsiyar layi sai abin da yar rage, shi ma ya iso ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Kun tuna Oktoban 2024 da layin Shiroro ya lalace Arewa tay yi kwana da kwanaki ba wuta? Da akwai tashar sola ko guda ta kirki a tsakanin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da aƙalla da rana asibitoci da injinan niƙa da masu walda sun motsa. Fili ne babu? Ka bi hanyar Gwadabawa ka ga fili har ido ya gaji.

Sai wani ya ce to ka sa sola mana. Da bakinka! Na je kasuwa na tambaya, faranti da batir da infata da za su ɗauki firiza biyu, kuɗin da mai shagon yaf faɗi ko na saida babur ɗina da tumakin Inna ba su kai ba, yac ce dala ce Alhaji. Ni ba Alhaji ba ne, ko Illela sai na yi shawara da aljihu. Janareta kuma tun da anka cire tallafin mai a 2023 ta koma teburin aje kwanuka. Masu hali duk sun rufe rufin gidajensu da faranti sun fita batun, har fadar shugaban ƙasa anka ware ma naira biliyan 10 a kasafin 2025 don a sa mata sola. Mai rabon wutar da kanshi ya gudu daga layin, ya bar mu da bil. Waɗanda za su yi magana a ji duk sun samu mafita, shi ya sa ba mai kuka sai irinmu.

Yanzu haka batirin wayata saura kashi 6, zan aika Abba ya kai ta wurin mai caji a bakin titi, shi ma ɗan farantin sola guda ne ya jingina da dutse yana karɓar kuɗi kan kowace waya. Ni kuma in hau babur in tafi neman ƙanƙara wurin masu sola in sawo da tsada in zo in kasa, mai ƙanƙara na sayen ƙanƙara. Maiɗakina ta leƙo tana tambaya ta jiƙa ayar gobe ko ta bari. Na ce ta bari.